Wa Ya Biya Mai Zanen?

Akwai wata magana da ta zama yayi a bakin wasu 'yan bokonmu masu sha'awar zane-zane, na kuwa gaji da jin ta. Wai tsiraicin mace a zanen Turawa fasaha ce tsantsa, babu ruwansa da sha'awa, kuma duk Bahaushen da ya kawar da kai daga kallonsa da sauransa a wayewa. Da wannan ake tarbar yarinyar da ta taso a Unguwar Sanusi ko Tudun Wada ta shiga babbar makaranta karatun zane, ranar da aka fara buɗe mata littafin tarihin zanen Turai. Sai ta sunkuyar da kai, ta ɗauka ƙauyanci ne ke damun ta. Maganar ma aro ce. Wani Bature ɗan Ingila, Kenneth Clark, shi ya yayata ta a littafinsa na 1956, inda ya raba tsiraici gida biyu, na kunya da na fasaha. Mu dai mu jera zanukan mu gani ko sun yarda da shi.

A 1538 Titian, mai zane na birnin Banis a Italiya, ya gama zanen wata mata kwance a kan gado, ɗan kwikwiyo na barci wajen ƙafarta, kuyangi biyu can ƙurya suna binciken adaka. Yau ana kiran zanen Venus ta Urbino, wato an laƙaba mata sunan gunkiyar soyayya ta Rumawa. Amma basaraken da ya saye shi, Guidobaldo, a wasiƙarsa "mace tsirara" kawai ya kira shi. Sunan gunkiya daga baya ya zo. Mai kuɗin ya san abin da ya saya, malaman tarihi ne suka zo suka yafa masa mayafi.

Bayan shekara ɗari uku da 'yan kai, a 1863, aka yi zanuka biyu a Faransa. Cabanel ya zana tasa Venus ɗin kwance a kan igiyar ruwa, jiki sumul kamar an shafe shi da man shanu, ido a lumshe. Sarki Napoleon na Uku da kansa ya saya. Shi kuwa Manet ya ɗauki kwanciyar matar Titian sak, ya cire kwikwiyon ya sa baƙar kyanwa, ya sa wa matar suna Olympia, sunan da mutanen Paris suka san na karuwai ne, ya kuma bar ta tana kallon mai kallonta ido cikin ido. Da aka baje shi a 1865 gari ya ɗauka, zagi ta ko'ina, har sai da aka mayar da zanen can sama kusa da rufi. To mai karatu, tsiraicin Cabanel da na Manet wanne ya fi wani? Duk kanwar ja ce. Laifin Manet guda ne: ya bar matar ta nuna ta san ana ciniki, ta kuma san mai sayen. Attajiran da suka fi kowa ihu su ne masu aika furanni irin waɗannan gidaje da daddare. In da gaske fasaha ce tsantsa suke kallo, me ya tsone musu ido?

Haka Goya a Sifen. Firaminista Godoy a ɗaki na musamman ya ɓoye tasa matar tsirara, sai aminai ke shiga, kuma a 1815 kotun coci ta nemi mai zanen ya yi bayani. Su kansu ba su taɓa yarda da labarin da ake ba mu ba.

Inda abin ya shafe mu kai tsaye shi ne wajen Ingres. A 1814 ya zana abin da ya kira babbar "odalisque", kalmar da Faransawa suka aro daga Turkanci, ma'anarta baiwar ɗaki. Da Hausa dai kwarkwara ke nan, ko sa-ɗaka. Ya naɗa mata ɗankwali kamar rawani, ya ba ta mafici na gashin ɗawisu, ya ajiye lofe a gefe, ya ja gadon bayanta ya yi tsawon da babu 'yar Adam mai irinsa. Tun a lokacin masu suka suka ce ya ƙara mata ƙasusuwa uku. Mutumin nan bai taɓa taka ƙasar Turkiyya ba. Yana da shekara tamanin da biyu ya sake cika wani allon da mata tsirara a gidan wanka, daga abin da ya karanta a wasiƙun wata Baturiya. Cikin gidan Musulmi, inda aka hana shi shiga, nan ya tuɓe a cikin kansa ya sayar.

Mu kuwa mun san kwarkwara, ba a littafi ba. Gidan Rumfa yana nan a Kano tun ƙarni na 15. Heidi Nast, wadda ta yi bincike a cikinsa ta fitar da littafi a 2005, ta nuna kwarkwarorin fada su ke riƙe da sha'anin hatsin haraji, suna kuma da hannu a rinin shuni. Mata ne masu lissafi da makullin rumbu, wasunsu suka haifi sarakuna. Ba na wanke tsarin: bayi ne, an raba su da iyayensu, kuma wannan tabon namu ne. Amma tsakanin baiwar da ke auna hatsin masarauta da wadda Ingres ya shimfiɗe kamar kifi a faranti akwai tafiyar kwana da kwanaki. Wanda bai san ta farko ba shi ake rufe wa baki da ta biyu. (Kada kuma mu yi saurin nuna Turawa da yatsa: wanda ya sayi zanen gidan wankan, Khalil Bey, jakadan Daular Usmaniyya ne. Idon namiji mai kuɗi bai da ƙabila.)

Akwai masu cewa a rufe littafin kawai a huta. Na fahimce su, kuma ban ce kowa ya buɗe idonsa a kan abin da addininsa ya hana shi ba. Mu a Kaduna mun san inda gardama kan jikin mace ke kaiwa: a Nuwamban 2002, rikicin da ya tashi kan gasar sarauniyar kyau ta duniya da wani rubutun jarida ya ci rayuka sama da ɗari biyu. Sai dai ɗalibar da aka hana sanin wa ya yi odar zane, nawa ya biya, a wane ɗaki ya rataye shi, an bar ta ba makami ranar da wani zai ce mata ba ta waye ba. Samarin da suka kafa ƙungiyar zane ta Zariya a 1958, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, sai da suka ƙware a darasin malamansu Turawa sannan suka yi masa tawaye.

In ana son a koya wa 'ya'yanmu Olympia, a fara da ɗaya matar. A bayan gadon akwai baƙar mace sanye da tufafinta, riƙe da furannin da wani ya aiko. Fiye da shekara ɗari masana suna rubutu kan kyanwar suna tsallake ta. Sunanta Laure, tana zaune a arewacin Paris, kuma shekara goma sha biyar kacal ke nan da Faransa ta soke bauta a ƙasashen da take mulka lokacin da ta tsaya wa Manet. Sai a 2018, da Denise Murrell ta shirya baje koli a Amurka a kanta, sannan manyan gidajen zane suka fara rubuta sunanta a bango. Ita kuwa wadda ke kwance, Victorine Meurent, ita ma mai zane ce. A 1876 alƙalan babban baje kolin Paris suka karɓi aikinta, suka mayar wa Manet nasa.