Shugaba Na Gari Shi Ne Wanda Ya Fara Ɗaure Hannunsa

Duk lokacin da zaɓe ya ƙarato, ko na ƙasa ko na ƙungiyar ɗalibai, mukan ji ana lissafa halayen shugaba na gari: ilmi, fasahar magana, jaruntaka, farin jini. Ba mu musa amfanin waɗannan ba. Amma mu a ganinmu akwai ma'aunin da ya fi su duka, wato abin da shugaba ya haramta wa kansa alhali yana da ikon yinsa. Domin mu gane haka, bari mu duba rayuwar Julius Nyerere na Tanzaniya, wanda mutanensa suke kira Mwalimu, wato malami.

A watan Oktoba na 1966 ɗaliban jami'a a Dar es Salaam suka yi zanga-zangar ƙin dokar bautar ƙasa, suna kukan cewa ana neman su sadaukar da kai alhali manya suna kwasar albashi mai tsoka. Nyerere ya kori ɗaruruwansu daga makaranta, hukuncin da ya yi tsanani ƙwarai. Amma ya san in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Nan take ya rage albashinsa da kashi ashirin cikin ɗari, ragin ya bi ta kan ministoci. A watan Fabrairu na 1967 aka fito da Sanarwar Arusha, wadda ta hana shugabannin jam'iyya da na gwamnati mallakar hannun jari a kamfani, da ba da gidaje haya, da karɓar albashi biyu. Hali na farko ke nan: dokar da shugaba zai ɗora wa jama'a, ya fara ɗora wa kansa. Talaka yakan jure yunwa in ya ga shugabansa ma ya ɗaure ciki.

Hali na biyu shi ne haɗa kan jama'a ba tare da fifita dangi ba. Tanzaniya tana da ƙabilu fiye da 120, Nyerere kuwa ya fito ne daga wata ƙaramar ƙabila, Zanaki. Bai mai da gwamnati gadon gidansu ba. Ya ɗaukaka harshen Suwahili ya zama na kowa, aka bazu da yaƙi da jahilci har ƙauyuka. Ƙasashe da dama na yankin sun sha yaƙin basasa, Tanzaniya ba ta sha ba.

To, kada mai karatu ya zaci yabo kaɗai muka zo yi. Inda Nyerere ya gaza ma akwai darasi, kuma shi ne hali na uku: sauraron waɗanda ake mulka. Daga 1973 gwamnatinsa ta tilasta wa miliyoyin manoma barin gonakinsu su koma ƙauyukan Ujamaa. Niyyar ita ce a kai musu makaranta da asibiti da ruwa, amma ba a nemi shawarar mai gona ba. Noma ya ja baya, fari ya zo a kai, ƙasar ta koma sayen hatsi daga waje. A 1976 aka rushe ƙungiyoyin gama kai na manoma, sai da aka ga ɓarna aka dawo da su bayan 'yan shekaru. Da yake tun 1965 ƙasar tana ƙarƙashin jam'iyya ɗaya, kuma akwai dokar tsare mutum ba shari'a, masu iya cewa an yi kuskure sun yi ƙaranci. Tsarkin hannun shugaba bai isa ya tsare ƙasa daga kuskurensa ba, sai in ya bar bakin masu suka a buɗe.

Hali na huɗu shi ne sanin lokacin sauka. A 1985 Nyerere ya ajiye mulki da kansa, Ali Hassan Mwinyi ya gaje shi. Daga baya ya goyi bayan tsarin jam'iyyu da yawa, wanda aka dawo da shi a 1992. Mu gwada shi da Mobutu na Zayar, wanda ya riƙe mulki daga 1965 har sai da 'yan tawaye suka fatattake shi a 1997, ya bar ƙasa a wargaje.

Ya 'yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, wannan magana da mu take. Ma'ajin ƙungiyar da ya ƙi karanta lissafin kuɗi a gaban taro, da shugaban da ya ɗauki mai tambaya abokin gaba, da akawun da ya ɓoye fayil sai an ba shi na goro, su ne ministocin gobe. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Saboda haka duk wanda ya zo neman ƙuri'armu, mu tambaye shi abin da ya yarda ya hana kansa, da wanda ya yarda ya tsawata masa, da ranar da zai sauka. In ya kasa amsawa, mu riƙe ƙuri'armu.