Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi

A majalisa, da zarar hira ta faɗa kan fim ko mawaƙi, kowa sai ya zama alƙali. Wannan ya ce jarumi wane ya fi kowa iya faɗa, wancan ya ce muryar wance ta dishe, wani kuma ya zaro waya ya nuna jiragen yaƙi suna wulƙitawa a sama suna fesa hayaƙi mai launi, a yi ta jinjina wa Bature. Hirar ba ta dame ni ba. Abin da ke ƙona mini rai shi ne tambayar da ba wanda ke yi: kafin mu ji daɗin kallon nan, wa ya ji a jikinsa? Kuma an nemi yardarsa? In ka kuskura ka tambaya, amsar ba ta wuce biyu. In dabba ce ta mutu a ce maka "ai dabba ce". In mutane ne a ce "kwanansu ne ya ƙare". Daga nan sai a ci gaba da shan shayi.

To bari mu fara da dabbar. A 1939 kamfanin 20th Century Fox ya fitar da fim ɗin kaboyi mai suna Jesse James, wanda Tyrone Power da Henry Fonda suka fito a ciki. Akwai wurin da ake so a ga mahayi ya faɗa tafki da dokinsa daga saman dutse. Doki ba mahaukaci ba ne, ko za a kashe shi da bulala ba zai yi wannan tsallen ba. Sai suka rufe masa idanu, suka ɗora shi kan wani dandamali mai santsi, suka karkatar da shi. Tsayin wurin ya kai ƙafa 70. Mahayin, wanda sana'arsa ke nan kuma an biya shi, ya fito da ransa. Dokin ya mutu. Kuma ba su cire wurin daga fim ɗin ba, don shi ne abin da ke sa 'yan kallo miƙewa tsaye.

A wancan zamanin, in ka ga doki ya kifa da ka a fagen yaƙi cikin fim, to ba koya masa aka yi ba. Doguwar waya ake ɗaura wa ƙafafunsa na gaba, ɗaya bakin a turke shi a ƙasa, a sake shi a guje. Yana cikin gudu wayar za ta ƙare, ta fizge ƙafafun, ya faɗi kan wuyansa. Haka aka yi a The Charge of the Light Brigade a 1936, dawakai da dama suka kakkarye aka harbe su, har jarumin fim ɗin da kansa, Errol Flynn, ya fusata. Irin finafinan da kakanninmu suka riƙa yi wa tafi ke nan a sinimar Rex da Palace a Kano. Su dai ba su san yadda ake yi ba, amma mu da wayar ke hannunmu ba mu da wannan uzurin.

Mutuwar dokin Jesse James ce ta sa daga 1940 aka bai wa ƙungiyar American Humane damar sa ido a wuraren ɗaukar fim, kuma ita ce mai rubutun nan na ƙarshen fim da ke shaida cewa ba a cutar da wata dabba ba. Kada rubutun ya ruɗe ka, iyakarsa gaban kyamara. A 2012 masu kula da dabbobin fim ɗin The Hobbit a Niyu Zilan suka fito suka ce dabbobi 27, da dawakai da awaki da tumaki da kaji, sun mutu a gonar da aka ajiye su, gona mai ramuka da gangare. Masu fim suka musanta cewa an zalunce su, ƙungiyar kuma ta ce a lokacin ɗauka ba abin da ya same su. Wato in akuya ta mutu bayan an kashe kyamara, ba ta cikin lissafi. A shekarar dai tashar HBO ta dakatar da shirinta na sukuwar dawaki mai suna Luck, amma sai da doki na uku ya mutu. Na farko da na biyu ba su isa ba.

Masoya finafinan Indiya, kada ku gyara zama kuna cewa wannan aikin Amurkawa ne. A Oktoban 1998, ana ɗaukar Hum Saath-Saath Hain kusa da Jodhpur, aka zargi Salman Khan da fita farauta cikin dare ya harbe barewa biyu na jinsin da dokar Indiya ta hana taɓawa. Ƙauyawan Bishnoi, waɗanda ke girmama waɗannan dabbobi, su suka kai ƙara kuma suka ƙi janyewa. Shekara 20 ana jan shari'a. A Afrilun 2018 kotu ta ɗaure shi shekara 5. Kwana biyu ya yi a kurkuku aka ba shi beli ya ɗaukaka ƙara, masoyansa suka cika ƙofar gidansa a Mumbai suna wasan wuta. Fim ɗin kuwa, ga wanda ya manta, a kan zumunci da tausayi aka yi shi.

Mawaƙa ba sai na daɗe a kansu ba, nasu ya fi kama da taɓara. Ozzy Osbourne na Ingila ya gartsa wa jemage cizo ya cire masa kai a kan dandali a Iowa a 1982, ya ce ya zaci na roba ne. To kurciyar da ya yi wa haka shekara ɗaya kafin nan a ofishin kamfanin waƙa fa, ita ma ta roba ce? Abin ya zame masa tambari, har a 2019 ya sa 'yar tsanar jemage mai cirarren kai a kasuwa. Justin Bieber ya sauka Munich a 2013 da jaririn biri ba takardu, jami'an kwastan na Jamus suka ƙwace, bai koma ya karɓe shi ba. Birin Michael Jackson, Bubbles, wanda aka riƙa sa wa kaya ana zaga duniya da shi, da ya girma ya yi ƙarfi sai aka rabu da shi. Tun 2005 yana wata mafakar birai a Fulorida.

Wanda ya saba kallon rai a matsayin kayan ado, ba a kan biri zai tsaya ba. Ranar 5 ga Nuwamban 2021, a bikin Astroworld da ke Houston, mutum kusan 50,000 suka matsu gaban dandalin Travis Scott. Goma suka mutu saboda matsi ya hana su numfashi, ƙaraminsu ɗan shekara 9. Mutane na ihu a tsayar da wasa, motar asibiti na ƙoƙarin kutsawa cikin taro da fitilarta a kunne, kiɗa na tashi. Bayan jami'ai sun ayyana cewa an samu mummunan haɗari, an yi fiye da rabin awa ana wasa. Mawaƙin ya ce bai san abin da ke faruwa ba, kuma a 2023 aka ƙi tuhumarsa da laifi. To shi bai sani ba. Masu shirya taron da suka ƙirga kuɗin tikiti daidai wa daida, su ma ba su sani ba?

Sai wasan jiragen sama, wanda ya fi ba ni haushi don shi aka fi yi wa kwalliya da sunan kishin ƙasa. A sansanin Ramstein da ke Jamus ta Yamma, ranar 28 ga Agustan 1988, jirage goma na tawagar Italiya, Frecce Tricolori, suna zana hoton zuciya da hayaƙi, ɗaya zai ratsa ta tsakiya ya nufo 'yan kallo. Uku suka yi karo, ɗaya ya faɗa cikin jama'a da wuta. Mutum 70 suka mutu, ɗaruruwa suka ƙone. A Sknyliv kusa da Lviv a Yukiren, ranar 27 ga Yulin 2002, jirgin Su-27 ya sharo cikin taro ya kashe mutum 77, 28 daga ciki yara ne. Matuƙan biyu sun fice da lema, ba wanda ya mutu a cikinsu.

Wani zai ce ai su suka kai kansu kallo. To ga Shoreham a kudancin Ingila, 22 ga Agustan 2015. Wani tsohon jirgin yaƙi ƙirar Hawker Hunter, na shekarun 1950, ya tashi zai yi alkafura a sama. Masu bincike sun gano cewa bai kai tsayin da ake bukata ba, gudunsa kuma bai isa ba, amma matuƙin ya ci gaba da juyawar. Jirgin ya faɗo kan babbar hanyar A27, motoci na wucewa. Maza 11 suka mutu, kuma ba ko ɗaya da ke cikin filin wasan. Akwai samari biyu 'yan ƙwallo da ke kan hanyar zuwa buga wasa. Akwai dattijon direba da ya fito da motar biki zai ɗauko amarya. Waɗannan wane tikiti suka saya? Matuƙin ya rayu, kotu ta wanke shi a 2019, sai a 2022 mai binciken musabbabin mutuwa ta yanke cewa kisan ya saɓa wa doka. Shekara bakwai iyalai na jiran wannan jimlar guda.

Bayan Ramstein aka hana jirage nufo taro yayin wasa. Bayan Shoreham aka taƙaita wa tsofaffin jiragen yaƙi alkafura a kan tudu. Kullum sai an kwashe gawa sannan hankali ke zuwa, alhali ba sai ka yi karatun injiniya ba kafin ka san jirgi mai cike da mai bai dace ya yi wasa a saman hanyar mota ba.

Mu ma mun ɗanɗana. Ranar 28 ga Satumban 2018, jiragen F-7Ni biyu na sojan saman Najeriya suka gogi juna a Abuja suna atisayen bikin cika shekara 58 da samun 'yanci, suka faɗi a yankin Katampe. Sukwadiron Lida Bello Mohammed Baba-Ari ya rasu, Allah ya jiƙansa. A daidai lokacin da ƙauyukan Zamfara ke kwana a daji saboda 'yan bindiga, muka yi asarar ƙwararren matuƙi da jirage biyu don manya su ɗaga kai a rumfa su yi tafi. Da sun faɗo tsakiyar unguwa fa?

Masu cewa kwana ne ya ƙare, ba na musu da ku, ba mai wuce wa'adinsa. Amma Shari'ar da ta koya mana haka ita ce ta wajabta diyya da kaffara a kan kisan kuskure, balle na ganganci. Ƙaddara ba ta taɓa zama takardar wanke mai sakaci ba. Masu cewa dabba ce kuwa, kun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha. Kun san Abdullahi ɗan Umar ya tarar da samari sun ɗaure tsuntsuwa suna gwada harbi a kanta, ya sanar da su cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya la'anci mai yin haka da abu mai rai. Samarin nan ma wasa suke yi.

Na tsaya a bakin wata kasuwa ina kallon masu wasa da kura. Rana tsaka, kwalta na tururi. Gardin na sanye da walki da guraye, akayau na kaɗawa a ƙafarsa, hannu ɗaya sarƙa, ɗaya kulki. An saƙa wa kurar takunkumin igiya, wuyanta duk gashi ya goge saboda sarƙa, tana haki tana ɗaga ƙafa ɗaya bayan ɗaya don zafin ƙasa. Dabbar da dare ne lokacin fitarta. Duk sanda ta nemi inuwar wani teburi sai ya fizgo ta, in ta turje ya sauke mata kulki a ƙeya, yara su sa ihu, manya su watsa kuɗi. A gefe ga gwaggon biri cikin rigar 'yan ƙwallo yana miƙa hannu, ga mai tallan maganin tsari yana cin kasuwarsa. Hausawa sun daɗe da gane wannan ciniki, shi ya sa suka ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Mun mayar da shi karin maganar kukan talaka, mun manta da kurar kanta. Wani mai ɗaukar hoto ɗan Afirka ta Kudu, Pieter Hugo, ya bi irin waɗannan gardawa ya fitar da littafin hotunansu a 2007, hotunan suka zaga gidajen baje koli na Turai da Amurka. Shi ma ya karɓi nasa kason.

Na san gardi talaka ne, kuma gado ya yi. Amma ba shi kaɗai ke riƙe da sarƙar ba, duk wanda ya jefa naira ɗari a filin nan ya sa hannu. Haka samarin da ke hayar doki ranar biki su yi ta sukuwa kan kwalta, linzami ya yaga bakinsa har kumfa ta koma ja, ƙaimi ya tsaga masa ciki, aboki na biye da waya yana ɗauka don TikTok. Kada wani ya ce mini al'ada ce. Al'adar da ta sa sarki ya naɗa Shamaki don kula da barga, ta sa mai doki ba ya karyawa sai ya ga an zuba harawa an jiƙa dussa da kanwa, ba ta san wannan haukan ba.

Doka kuwa abin dariya ce. Sashe na 495 na kundin laifuka na Kudu ya tanadi ɗaurin wata shida ko tarar naira 50 ga mai zaluntar dabba, kuɗin da ko ƙullin gyaɗa da ƙyar zai saya. Na Arewa ma ya haramta, amma takarda ba ta kama kowa. Mu kuma duk hayaniyarmu kan fim da waƙa ta ƙare a kan rawa da sutura. A 2016 ƙungiyar masu shirya finafinai ta MOPPAN ta kori jaruma Rahama Sadau saboda runguma a bidiyon waƙa, ƙasa ta ɗauka har makonni. Da za a samu rabin wannan zafin a kan jinin doki, da an ga canji.

Ina kira ga masu unguwanni da dagatai su hana hayar doki ga yaran da ba su iya riƙe shi ba, limamai su ware huɗuba guda kan haƙƙin dabba, 'yan majalisa kuma su ji kunya su gyara tarar nan. Kai kuma mai karatu, in gardi ya shigo unguwarku da kura, riƙe kuɗinka a aljihu, ka ja hannun ɗanka ku wuce.