Idan Dambu Ya Yi Yawa: Tsofaffin Jakunkuna a Ɗakunan Matan Dayi

Duk wanda ya taɓa halartar rabon gadon wata dattijuwa a garin Dayi, ko a wani ƙauye daga cikin ƙauyukan ƙasar Malumfashi, ya san irin abin da akan gani ranar da aka jawo akwatunan da ke ƙarƙashin gado. Bayan zannuwa da kwalla da tasoshi, akan tarar da jakunkuna, wasu na fata aikin dukawan ƙasa, wasu kuwa na kanti waɗanda suka shigo cikin lefe ko tsarabar aikin hajji. Sau da yawa rabinsu gara ta riga magada, sauran kuma funfuna ta lulluɓe su. Daga nan sai a ji matasa suna cewa tsohuwa ta tara shirgi, a kwashe a kai juji. Wannan hukunci akwai gaggawa a cikinsa, amma ba a rasa shi da ƙamshin gaskiya ba, saboda haka ya cancanci a tsaya a dube shi da idon basira.

Da farko dai ya kamata a san cewa jaka ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, kuma kowace iri da sunanta da aikinta. Malami yana da gafaka ta littattafai, wanzami yana rataye da zabira, mafarauci da burgami, falke yana ɗaura taiki a bayan jaki, ga kuma alabe na ajiye kuɗi da tandu na kwalli. Kafin fata ta kai hannun baduku sai majemi ya jeme ta da bagaruwa, sa'an nan a rina ja da karan dafi, baƙi da kuloko, rawaya da gangamau. Fatar jar akuyar Sakkwato ta daɗe tana ƙetare Sahara, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko don ta can take isa gare su, kuma Heinrich Barth da ya zo Kano a 1851 ya ambaci takalma da jemammun fatu cikin manyan hajojin birnin. Ashe ke nan tsohuwar jakar da ake shirin jefarwa tana ɗauke da aikin majemi da marini da baduku, kuma irin ɗinkin da ke jikinta da wuya a sami mai yin sa yanzu.

Har wa yau, tara kaya a ɗakin mace Bahaushiya ba wauta ba ce. Dayi tana cikin yankin noman auduga da dawa da masara, inda tun zamanin Turawa aka kafa injinan gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi. Kuɗi a irin wannan ƙasa da kaka suke shigowa, da kaka ake biki, kuma kafin bazara ta tsaya sun bi iska. Macen da ke cikin gida tana sana'ar ƙuliƙuli ko kaɗi ba ta da banki, don haka sai ta mai da ribarta kwanoni ta jera. Jere ado ne, kuma asusu ne: ranar da ciwo ya zo, ko aka tashi aurar da 'ya, sai a sauke langa a sayar ko a ba amarya. Mai yi wa wannan ɗabi'a dariya bai san tattalin gida ba.

Sai dai fa a nan gizo ke saƙar. Kwanon tasa zai yi shekara arba'in a jere, a wanke shi da toka ya koma sabo, ya kuma yi kuɗi a kasuwa. Jakar zamani kuwa, wadda galibi roba ce aka yi wa kamannin fata, tun tana cikin akwati take fara saɓulewa, ko an rataya ta ko ba a rataya ba. Ga shi kuma lefen yau ya ɗauki al'adar kowace atamfa da jakarta da takalminta, har amarya ta tare da jakunkunan da ba za ta riƙa su duka ba ko da kullum gidan suna take. Watau an ɗauki tsohuwar hikimar jere an ɗora ta a kan abin da ba ya ajiyuwa. Abin takaicin shi ne irin waɗannan ne ke cika ɗaki, su danne jakar fata guda ɗaya tilo da aka gada, a cusa duka cikin buhun nan da ake kira Gana-mas-go tun korar baƙi ta 1983, a tura bayan gado.

To, yaushe ne adana ke rikiɗa ta zama jibgewa? Masana lafiyar ƙwaƙwalwa na Amurka sun ware wannan hali a matsayin lalura mai zaman kanta a 2013, kuma abin lura shi ne ba da yawan kaya suka auna ba. Abin da suka duba shi ne mutum ya kasa rabuwa da abu ko da ba shi da amfani, ransa ya ɓaci ƙwarai in an ce a fitar, har kayan su cinye wurin kwana da wurin zama. Misalin da ya fi shahara shi ne na wasu 'yan'uwa biyu, Homer da Langley Collyer, da aka tsinci gawarwakinsu a gidansu na birnin New York a 1947 cikin tarkace fiye da tan 100. Ɗaya kayan ne suka rufto masa, ɗayan kuma, da yake makaho ne mai jiran a kawo masa abinci, yunwa ta kashe shi. Babu shakka tsakanin wannan da ɗakin tsohuwar Dayi akwai tafiya mai nisa, kuma zalunci ne a liƙa wa kowace kaka sunan cuta don tana son kayanta. Amma ma'aunin yana da amfani ko a ƙauye. Matar da ke iya fito da jaka ta ce wannan ta uwarta ce, baduku wane ya ɗinka ta shekarar da aka yi kaza, tana adanawa ne ko da jakunkunan sun kai talatin. Wadda kuwa ba ta san abin da ke cikin buhunta ba, ba ta buɗewa, ba ta kuma yarda a buɗe, ta soma jibgewa ko da guda biyar ne.

Dalili kuwa shi ne fata tana bukatar hidima kamar dabbar da aka fiɗe ta daga jikinta. Da damina laima ke sa ta funfuna, musamman in an ƙulle ta cikin leda inda ba ta shan iska. Da hunturu kuma ta bushe ta tsattsage. Dole a riƙa fito da ita ana kaɗe ƙura, a shanya a inuwa, a shafa mata ɗan man kaɗanya kaɗan, a cusa tsumma mai tsabta a cikinta don kada ta lanƙwashe, a naɗe ta da farin ƙyalle, a ɗora a sama nesa da ƙasa da jikin bango inda gara ke bi. Mace ɗaya tana iya yi wa jaka uku ko huɗu wannan hidima ba tare da ta bar girki ba. In sun kai arba'in ba mai iyawa, don Bahaushe ya riga ya ce idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Saboda haka mai son tsohuwar jaka da gaske ita ce ta fi kowa bukatar rage na banza, ta ba ƙanne da 'ya'yan maƙwabta tun suna da sauran amfani.

Akwai kuma laifin da ya rataya a wuyan magada da masu ilmi. A watan Yuli na 2025 an yi gwanjon wata tsohuwar jakar Hermès a birnin Paris a kan kuɗi Yuro miliyan 8.6, alhali duk jikinta ƙujewa ne da tabo. Abin da aka saya shi ne tarihinta, don an san ita ce ta farko da aka yi wa 'yar wasan nan Jane Birkin. Ba wanda zai ce alaben Dayi zai yi irin wannan kuɗi, amma darasin a fili yake: tsohon abu da labarinsa yake daraja, kuma labarin jakar tsohuwa yana cikin kanta ne, ranar da aka binne ta an binne shi. Ɗaliban Hausa da ke komawa gida hutu suna neman abin da za su rubuta kundi a kai, ga shi nan a ɗakin kakanninsu. Littafin rubutu na makaranta ya isa a ɗauki sunan jaka, da garin da aka ɗinka ta, da bikin da ta shigo gidan, da abin da ake zubawa a ciki. Wadda iyali suka ga ba za su iya kula da ita ba, akwai gidan tarihi a ginin tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, akwai kuma Gidan Makama a Kano, wanda hanyar Gwarzo ke kai mutumin Dayi gare shi cikin yini guda, ya je ya dawo.