Bayan tsohuwar Jaguar: Me ya sa bai kamata a nemi irinta a sabuwar mota ba?

A Ingila akwai masu sha'awar motoci da suka shafe shekaru suna riƙe da tsohuwar Jaguar XJ-S. Idan lokacin rabuwa da ita ya zo, ko don tsadar gyara ko don shan mai, tambayar da ke biyo baya ita ce: wace mota ce za ta maye gurbinta?

Da yawa sukan nemi mai kama da ita, wato doguwa, mai nauyi, mai ƙaton inji. Wannan kuskure ne ga akasarinsu. Wanda ya gama da irin wannan mota zai fi morewa idan ya koma ga ƙaramar motar gudu marar nauyi.

Motoci biyu, aiki biyu

XJ-S na cikin jinsin motocin da ake kira GT, daga kalmar Italiyanci "gran turismo", wato doguwar tafiya. An ƙera su ne domin mutum biyu su ɗauki jakunkunansu daga Landan su nufi kudancin Faransa da gudu, su sauka ba tare da ciwon baya ba.

Jaguar ta fito da XJ-S a 1975, ta ci gaba da ƙera ta har 1996. Ta fara da inji mai silinda 12 da girman lita 5.3, kuma nauyinta ya haura kilo 1,700. A kan miƙaƙƙiyar hanya tana tafiya shiru, ba girgiza ba hayaniya.

Ƙaramar motar gudu kuwa ba don haka aka yi ta ba. Daɗinta yana wurin shan kwana, da taka birki, da sauya giya, da yadda sitiyari ke sanar da direba abin da tayoyi ke takawa. Mazda MX-5 ta farko, wadda ta fito a 1989, ba ta kai kilo 1,000 ba, kuma injinta mai silinda huɗu ne, lita 1.6. Lotus Elise ta 1996 ta ma fi ta sauƙi, kusan kilo 725.

Inda matsalar take

Mai neman "sabuwar XJ-S" yana gwada kowace mota ne da abin da ya saba. Hausawa na cewa sabo turken wawa. Duk wadda ya hau, sai ya ga ƙarar injinta ba irin waccan ba ce, kujerarta ma ba ta yi laushin waccan ba. Ya kashe kuɗi masu yawa, amma kewar tsohuwar ba ta bar shi ba.

Sannan motocin GT na zamani sun ƙara ƙiba. Bentley Continental GT da ta fito a 2003 ta haura kilo 2,300. Ƙarfinta ya yi yawa ta yadda direba ba zai taɓa ko rabinsa ba kafin ya karya doka, domin iyakar gudu a manyan hanyoyin Birtaniya mil 70 ne a sa'a, kimanin kilomita 113.

A MX-5 kuwa, mutum zai iya jan inji har ƙarshensa a giya ta biyu, ya sha kwanonin hanyar ƙauye yadda yake so, kuma bai ƙetare wannan iyaka ba. Motar da ake amfani da duk ƙarfinta kowane mako ta fi wadda ake taƙama da ita a gareji.

Abin da aljihu ke cewa

Duk wanda ya riƙe XJ-S mai silinda 12 ya san hanyar gidan makanike. Fulogi 12 gare ta, kuma na gaba suna ɓoye ƙarƙashin kwamfuresar na'urar sanyaya mota. Zafin injin yana busar da wayoyi da robobi. A yawancin shekarun da aka ƙera ta, birkin baya yana can ciki kusa da tsakiyar mota, ba a jikin taya ba, don haka sauya faifansa aiki ne babba. Shan manta ma ya sa a 1981 kamfanin ya fito da samfurin HE domin rage shi.

Ga kuma dokar gurɓata iska. Tun Agustan 2023 yankin ULEZ ya game dukkan unguwannin Landan, kuma motar da ba ta cika sharaɗin hayaƙi ba tana biyan fam 12.50 duk ranar da ta fita. An ɗauke wa motocin tarihi da suka haura shekara 40 wannan kuɗi, amma XJ-S ƙirar 1990 ba ta kai ba tukuna.

MX-5 kuwa an ƙera sama da miliyan ɗaya zuwa 2016. Kayan gyaranta suna ko'ina, kuma kusan kowane makanike zai iya buɗe injinta. Mai kuɗin da ya fi haka yana da Porsche Cayman, wadda ta fito a 2005 da inji a tsakiyar mota, abin da ke ba ta daidaito a kwana.

Darasi daga Porsche

Kamfanin Porsche da kansa ya taɓa zaton ɗayan jinsin zai iya maye gurbin ɗayan. A 1977 ya fito da 928, motar GT mai silinda takwas da inji a gaba, da niyyar ta gaji 911. Ta yi kyau har ta lashe kyautar motar shekara ta Turai a 1978. Duk da haka masu saye ba su saki 911 ba. An daina ƙera 928 a 1995, ita kuwa 911 har yau ana yin ta. Mai son wannan daban, mai son waccan daban, kuma taura biyu ba ta taunuwa.

Waɗanda shawarar ba ta shafa ba

Ƙananan motocin nan suna da nasu aibin. But ɗin MX-5 ƙarami ne, iska da ƙarar taya suna cika kunne a babbar hanya, kuma dogon mutum zai ji a takure. Shiga Elise da fita daga cikinta wahala ce ga mai ciwon gwiwa.

Don haka wanda da gaske yake yin tafiyar ɗaruruwan kilomita tare da iyalinsa, ya tsaya a jinsin da ya sani. Jaguar XK8, wadda ta gaji XJ-S a 1996, ko Lexus LC 500 za su biya masa buƙata.

Amma kafin ya yanke hukunci, ya lissafa tafiye-tafiyen da ya yi da tsohuwar motar a shekarar da ta wuce. Idan akasarinsu fitar sa'a ɗaya ce ranar Lahadi a kan hanyoyin karkara, to ya daɗe yana ciyar da silinda 12 domin aikin da huɗu za su yi masa. Ya nemi aron ƙaramar motar gudu na yini guda, ya bi da ita hanyar da ya saba bi, sannan ya taɓa kuɗinsa.