Ku bar kabad ɗin Hajiya da launinsa!

1/ Jama'a, yau da 'yan gyaran kayan ɗaki nake. Wannan yayin na ɗauko tsohon kabad ko akwatin katakon kaka a lafta masa farin fenti da ruwan gwal, wai an mai da shi na zamani, ni ban kira shi gyara ba. Ɓarna ce.

2/ Ku leƙa gidajen Yakasai, Mandawari ko Koki. Akwai gadaje da kujeru da akwatunan da aka yi jere da su tun kafin a haifi iyayenmu, har yau ƙyam suke. Dalili? Katakon madaci ne da loko, kafintan kuma ya sassaƙa ya haɗa su baki da baki, bai dogara da ƙusa ba.

3/ Kawo naka na MDF. Garin katako ne aka kwaɓa da gam aka danne. Ruwan damina ya shigo ɗaki sau ɗaya, gindinsa ya kumbura, shi ke nan sai bola.

4/ Kuma irin wancan katakon ƙarewa yake yi fa. A 2022, taron CITES a Panama ya sa madaci da ƙawo cikin itatuwan da aka taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe. Duniya na tattalinsa, kai kana binne naka a ƙarƙashin fentin mai.

5/ Wani zai ce ai kayana ne, kuma ya tsufa ya yi baƙi. Na ji. Amma yawancin baƙin nan dauɗa ce da hayaƙi da tsohon banish. Wankewa yake so.

6/ Ga yadda ake yi: tsumma mai ɗan laima da sabulu kaɗan, ka goge, ya bushe a inuwa. Ranar Kano tsaga katako take. Sai samfefa mai laushi, da hannu, kana bin tsawon katakon. Inji cinye zanen sassaƙa yake.

7/ In ka ga ƙananan huji da gari na zuba, ƙwaro ne, a sa magani tukuna. Inda ya saki a sa gam a ɗaure. A ƙarshe a shafa kakin zuma ko banish marar kauri.

8/ Hattara: tsohon fenti na iya ƙunsar dalma. Ka jiƙa kafin ka kankare, ka rufe hanci, yara su bar wurin.

9/ Abin haushi, mu ne masu zuwa Gidan Makama mu ɗauki hoto da kayan da, mu rubuta "al'adarmu". Mu dawo gida mu sayar da na kakarmu kuɗin data.

10/ Ana rushe mana ganuwa muna kuka a nan kullum. To wadda ke cikin ɗakinku ba gwamnati ce za ta kare ta ba. In farin fenti kake so, sayi sabo ka shafa son ranka. Na Hajiya dai a bar wa jikoki.