Sharhi: Nijeriya a Wasannin Ƙanƙara da Batun Filayen Makarantunmu

Idan za a iya tunawa, a watan Fabrairu na shekarar 2018 ne Nijeriya ta halarci gasar Olamfik ta lokacin hunturu a karo na farko, a garin Pyeongchang na ƙasar Koriya ta Kudu. Mata huɗu ne suka wakilci ƙasar nan. Seun Adigun da Ngozi Onwumere da Akuoma Omeoga sun shiga tseren keken ƙanƙara, wato wani akwati mai siffar kwale-kwale wanda mutum biyu ke turawa da gudu, sannan su faɗa ciki ya gangara da su a kan daskararren ruwa, gudun da kan wuce kilomita 120 a awa ɗaya. Ita kuwa Simidele Adeagbo, rub-da-ciki take kwanciya a kan ɗan allo, kai a gaba.

Sakamakon bai zo da lambar yabo ba. Adeagbo ta zo ta 20. 'Yan keken su ma sun zo na 20, daga baya suka koma na 19 bayan an soke sakamakon wata 'yar Rasha saboda shan haramtaccen magani. A shekarar 2022 kuma, a birnin Beijin na ƙasar Sin, mutum ɗaya tak ya wakilce mu, Samuel Ikpefan, haifaffen Faransa, shi ma bai kai ga lamba ba.

Manomin Dambatta ko Makoɗa na iya cewa ina ruwan biri da gada, tunda mu sanyinmu na hunturu iyakarsa hazo da kaushi. Sai dai akwai abin lura. Dukkan matan nan huɗu ba a kan ƙanƙara suka tashi ba. 'Yan guje-guje da tsalle-tsalle ne, kuma a jami'o'in Amurka suka goge. Adigun ma ta wakilci Nijeriya a tseren tsallake shinge a Landan a shekarar 2012. Da ta ƙuduri aniyar kafa ƙungiyar, keken katako ta harhaɗa a birnin Hustan don atisaye, kuɗin kuwa taimakon jama'a aka nema ta intanet. Ƙarfin ƙafar da suka kai Koriya, a filin makaranta aka gina shi.

Ƙasar Norwe ce ta fi kowa yawan lambobi a 2018, guda 39, alhali jama'arta ba su kai miliyan 6 ba. Jihar Kano kuwa, tun a ƙidayar 2006 ta haura miliyan 9. Gaskiya ne Allah ya ba su ƙanƙara da arziki, amma ginshiƙin tsarinsu shi ne ƙananan ƙungiyoyin wasa na unguwa, inda kowane yaro ke da wurin zuwa. Mu kuwa, ko a gasar bazara ta Faris a 2024, inda babu uzurin ƙanƙara, hannu rabbana tawagarmu ta dawo.

A ƙananan hukumomin arewacin jihar nan, kamar Bichi da Tsanyawa da Minjibir, ƙasa ta yi tsada, gona na manne da gona, gado kuma sai ƙara gutsura ta yake yi. Filin firamare shi ne sarari mafi sauƙin ci: bana a shigo da kunya biyu ta gero, baɗi a kafa rumfa, wata shekara a yanka fuloti. Ba kasafai ake kai ƙara ba, domin mai cin iyakar maƙwabci ne ko ɗan'uwa. Yaron da ya iya langa ko kokawa, yarinyar da ta fi sa'o'inta gudu, duk sai su rasa inda malami zai gan su.

Wannan aiki bai fi ƙarfin ƙaramar hukuma ba. Sakataren ilimi da dagaci da ƙungiyar iyaye da malamai na iya auna filin kowace makaranta, a rubuta, a dasa darbejiya a kan iyaka tun kafin damina. Gasar guje-guje tsakanin makarantu kuma, a tsayar mata da rana bayan kaka, lokacin da aka kai amfani gida yara suka samu sarari.