Baƙin hayaƙin da muke yi wa tafi

Wannan makon da direbobin a-kori-kura masu shan dizal za mu yi, da bakanikansu, da masu motocin, har da mu kanmu da muke tsayawa bakin titi muna yaba abin da ya kamata mu yi wa ihu.

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Akwanga zuwa Jos ya san Hawan Kibo. A irin wannan hawa za ka ga Hilux ko Land Cruiser an lafta mata buhuna har sun fi kanta tsayi, sannan an ɗaura mata wata motar da ta lalace, an mai da ita janwe ƙarfi da yaji. Direba ya take totur har ƙasa, ya ƙi sauka daga giya ta huɗu, salansa na aman baƙin hayaƙi. Sai ka ji ana cewa, "Kai, motar nan akwai ƙarfi!" In bayan wata biyu injin ya buga, a ce tsautsayi ne, ko a ɗora wa gidan mai laifi. Mu kam mun ƙi yarda. Da ƙafarsa direban ya dafa injin, kuma hayaƙin da muka yi wa tafi shi ne shaida.

Injin dizal iska yake zuƙa ya matse ta har ta yi zafi, sannan nozul ya fesa mai, wuta ta tashi. Totur mai yake ƙarawa. Iska kuwa sai injin yana juyawa da sauri take wadatuwa, musamman in mai tobo ne, domin hayaƙin da ke fita shi ke juya tobon. To in lodi ya yi nauyi, giya ta yi sama, juyin injin ya faɗi, sai mai ya yi yawa iska ta yi kaɗan. Man ba ya gama ƙonewa a kan lokaci. Wani ya fita a matsayin baƙin hayaƙi, wani ya ci gaba da ci da wuta har bawul ya buɗe, zafin ya bi ta kan fistin, da bawul ɗin, da tobon.

Fistin ɗin waɗannan motoci da alminiyum ake yin sa, shi kuwa alminiyum yana narkewa a wajen digiri 660 na ma'aunin Salshiyas, kuma tun kafin nan ya fara laushi. Abin da ke cetonsa shi ne baƙin man da ke sanyaya shi ta ƙasa da sabuwar iskar da ke shigowa kowane zagaye. A Amurka, inda a-kori-kura ke jan manyan tireloli a kan duwatsu, masu motoci da yawa suna sa ma'aunin zafin hayaƙi, kuma abin da suka saba kiyayewa shi ne kada ya daɗe sama da wajen digiri 680 in an auna kafin tobo. Daƙiƙa goma a wajen wuce wata mota ba komai. Minti goma a kan hawa da lodi, wannan kam girki ne.

Direbanmu zai ce, "Ai allurar zafi ba ta motsa ba." Nan ne gizo ke saƙar. Allurar da ke gabansa zafin ruwan lagireto take aunawa, shi kuwa ruwa sannu a hankali yake ɗaukar zafi. Zafin hayaƙi cikin 'yan daƙiƙoƙi yake haurawa. Kafin allurar ruwa ta ɗaga, mai faruwa ta riga ta fara faruwa a cikin silinda. Mutum yana gadin ƙofar gida, ɓarawo ya shiga ta katanga.

Babban ƙorafinmu yana kan garejin da za a kai mota a ce ba ta ja, sai a ɗauki sukudireba a buɗe famfon mai. A tsofaffin injuna irin 1HZ na Land Cruiser, mai silinda 6 da lita 4.2, wanda ba shi da tobo, murɗa sukurun nan ba wuya. Motar za ta ɗan ƙara zabura, mai ita ya biya yana murna. Amma wa ya ƙara mata iska? Babu. Sau da yawa ma ciwon na asali matatar iska ce ƙurar hunturu ta toshe, ko robar da ke kai iskar tobo ta tsage, ko nozul ya gaji yana ɗiga maimakon fesawa. An bar jaki ana dukan taiki. Ga shi kuma Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, inda iska ta fi ta bakin teku sauƙi da fiye da kashi 10 cikin 100. Injin da aka buɗe wa famfo a ƙasa, in ya hau can, ƙishin iskarsa ƙaruwa yake yi.

Mun san hujjar direbobi, kuma ba mu raina ta ba. Dizal ya yi tsada, mai mota ya ƙididdige man da zai ba ka, in ka sauko giya ta uku ko ta biyu injin na kuka kamar zai fashe. Amma wannan kukan ba shi ne abin tsoro ba matuƙar allurar juyi ba ta shiga ja ba: injin na samun iska, famfon ruwa da fanka na juyawa da sauri, zafin hayaƙi na sauka. Gurnanin nan mai nauyi da yake yi a babbar giya shi ne na shaƙewa. Batun tsimin mai kuwa, baƙin hayaƙin da ke fita dizal ne da aka saya da kuɗi aka watsa wa iska.

Kuma a gaskiya rabin laifin na mai motar ne, wanda ya ga adadin nauyin da kamfani ya rubuta ya ninka shi. Idan injin ya buga, direban ake kora, a bar shi da iyali ba sana'a. Idan kuwa a tsakiyar hawa ya mutu, da lodi a baya da wata mota a ɗaure, maganar ta wuce kuɗin gyara, ta koma ta rayukan waɗanda ke biye.

Abin da muke nema kaɗan ne. A sauko da giya tun a gindin hawa. In hayaƙi ya yi baƙi a sassauta ƙafa. In an kai sama kada a kashe mai tobo nan take, a bar shi ya yi silo na minti biyu ko uku, don kada baƙin mai ya ƙone a cikin tobon. Mai motar da ke jan kaya kullum ya sa ma'aunin zafin hayaƙi, wanda kuɗinsa bai kama ƙafar na sauke inji ba, kuma ya tsaya a kan bakanike ya huda masa wurin kafin tobo, domin in an sa shi bayan tobo lambar da zai nuna takan gaza ta gaskiya da digiri 100 ko fiye.